Kafin Hadarin Farko: Abin da Gida Ke Bukata a Farkon Bazara

Da zarar hazo ya ɗauke, duwatsun da suka kewaye garin Bauchi suka fito tas, yara suka daina neman bargo da asuba, to bazara ta kawo kai. Daga nan zuwa hadarin farko, wanda a wajenmu yakan zo ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, 'yan makonni ne kawai. Ni kafinta ne, rufi ne sana'ata, don haka bari in gaya wa maigida gaskiya tun da wuri: a watan Maris ni ke zaune a bakin shago ina jiran ka. A watan Yuni kai ne za ka yi ta kiran wayata ba a ɗauka, ba don wulaƙanci ba, sai don ina saman kwanon wani. Kuma kuɗin katako da kwano kafin iska daban, bayan iska daban.

Duk wanda yake garin nan a 2018 bai manta da yammacin 16 ga Yuni ba, washegarin ƙaramar salla. Iska ta kwashe rufin gidaje da makarantu, ta karya turakun lantarki, an yi asarar rayuka, har Shugaba Buhari ya zo jaje. Irin wannan iska ba kullum ake yin ta ba, kuma wani abin ya fi ƙarfin dabarar ɗan Adam. Amma mu da muka hau gidaje bayanta mun ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa: gida biyu jere, ɗaya rufinsa na nan, ɗaya an tsinto nasa a bayan layi. Bambancin sau da yawa ɗauri ne.

Saboda haka daga sama za a fara.

Rufi

Hunturu yana busar da katako har ya tsuke, rana kuma tana sa kwano ya buɗe da tsakar rana ya koma da dare. Tsakanin waɗannan biyun ƙusa take sakin jiki a hankali. Daga ƙasa ba za ka gani ba. Sai an hau.

A hau da sassafe, kafin ƙarfe tara, don daga nan kwano ya fara ƙuna, mutum kuma yana iya jin jiri a sama. A sa takalmi mai roba, wani babba ya riƙe tsani, ba yaro ba. Kafin ka ɗaga kai sama, duba inda wayar lantarki ta bi, domin gidaje da yawa a cikin gari wayar maƙwabci ta ratsa ta kan rufinsu, wata ma ba riga a jikinta. Idan ka hau, taka kan layin ƙusoshi kawai, nan ne katako yake a ƙarƙashi. Wanda ya taka tsakiya zai lotsa kwano, in tsohon kwano ne kuma ƙafarsa ta zarce.

Abin da za ka nema uku ne zuwa huɗu. Ƙusar da ta ɗago kai, kada ka mayar da ita ramin da ta fito, ramin ya riga ya buɗe. Cire ta, ka buga sabuwa mai hula ɗan nesa kaɗan, ka toshe tsohon ramin da kwalta ko irin faci mai gam da ake sayarwa a shagunan kayan gini. A kan tudun kwano ake buga ƙusa, ba a cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba. Sai ka duba bakin kwano da kusurwoyi, musamman ɓangaren gabas, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa. Iska ba ta danna rufi ƙasa, ɗaga shi take yi. Ta bakin da ya saki take shiga, in ta samu wuri sai ta ɗauke shi gaba ɗaya kamar an ɗage murfin tukunya. Sannan ka duba hular da ta rufe tsakiyar rufin inda kwano biyu suka haɗu.

Babban aikin kuwa ba a saman yake ba, yana cikin silin. Buɗe ƙofar silin ka leƙa da tocila. Katakon da ya kwanta a kan bango, wanda dukkan rufin ya zauna a kansa, da me aka ɗaure shi? In langa-langa ce ko rodi da aka binne cikin bulo, madalla, duba dai ko tsatsa ta cinye ta. In kuwa ka ga an aza shi ne kawai an buga 'yan ƙusoshi, to rufinka nauyinsa ne kaɗai ke riƙe da shi. A nan ne za ka kira kafinta da birkila su fasa bulo layi biyu ko uku ƙasa, su zura langa-langa, su naɗe katakon, su mayar da siminti. Ba aiki ne mai tsada ba idan aka kwatanta da sabon rufi. Tun kana ciki, ɗauki sukuddireba ka soki katako nan da can. In ta shige ba gardama, ko ka ga hanyar ƙasa ta hau bango, gara ta riga ka. Wanda ya ciwu a canza shi, sauran a shafe su da maganin gara. Mutanenmu suna shafa baƙin mai, yana ɗan taimakawa, amma ba ya kashe garar da ta riga ta shiga.

Maganar jera duwatsu da tsoffin tayoyi a kan kwano, na san talauci ne ke sa wa, ba na zagin kowa. Sai dai dutse ba ya hana babbar iska, kuma in ta ɗaga kwanon, dutsen a tsakar gida yake sauka inda yara suke. Taya kuma tana tara ruwa, sauro ya samu gidan haya kyauta. Kuɗin ƙusa kilo ɗaya ya fi su amfani.

Masu ginin zamani da aka ɗaga bango ya ɓoye kwano, ku naku ciwon daban ne. Iska ba ta cika samun ku ba, amma kwatar da ke bayan bangon tana cika da ganyen dogonyaro da ƙurar hunturu da ledoji. Ruwan farko in bai samu hanya ba, cikin silin yake komawa. A share ta, a zuba bokitin ruwa a ga ko yana fita.

Gidan ƙasa da katanga

Goggona tana zaune a tsohon gidanmu na cikin gari, ɗakinta soro ne, ta ce ba mai raba ta da shi, kuma a watan Afrilu in ka shiga ɗakin za ka ba ta gaskiya, don sanyinsa ba a haɗa shi da ɗakin kwano. Sai dai soro yana son hidima duk shekara. A hau a cire ciyawar da ta bushe, a bi tsaga a cike, a sake yaɓe da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana biyu tana ruɓa. Inda ake samun makuba a yi amfani da ita. A duba indararo: ya toshe? Ya karkace har ruwa zai riƙa zuba a jikin bango? A ƙarƙashinsa a sa dutse ko fasasshen bulo don kada ruwa ya haƙa rami a gindin ginin.

Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Zagaya gidan ta waje ka duba inda ruwan bara ya zaizaye, ka cike, ka yi masa ɗan dakali mai gangara. Kada a ruɗe ka da shafen siminti a kan ƙasa. Ba sa kama juna, sai simintin ya yi ƙwai, ruwa ya shiga bayansa yana ci ba a gani. Ƙwanƙwasa da hannu, inda ka ji yana amsawa kamar ba komai a ciki, ɓamɓare shi. Katangar da ta fara jingina kuwa, ko ta bulo ce, a sauke ta da hannu tun yanzu. Kuma daga yau kada a sake shimfiɗa wa kowa tabarma a gindinta.

Bishiya ma haka. Reshen da ya hau kan ɗaki a rage shi. Wanda ya shiga cikin wayar lantarki ba aikin yaron unguwa ba ne da adda, a sanar da ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na JEDC su kashe layin tukuna.

Kwata, rijiya da masai

Yasar kwata kowa ya iya. Kuskuren da ake yi ɗaya ne: a kwaso dagwalon a tara a bakin lambatu a tafi. Ruwan farko sai ya mayar da shi inda ya fito. A bar shi ya sha iska kwana ɗaya, a kwashe a baro a kai juji. Kuma kwata ba ta gida ɗaya ba ce. In ka yashe taka na ƙasa da kai bai yashe ba, a ƙofarka ruwan zai tsaya, don haka ku haɗu ku yi magana da mai unguwa a sa rana ɗaya.

Rijiya yanzu ne ruwanta ya yi ƙasa, yanzu ake yasa. A bar wa masu sana'ar. Ƙasan rijiya mai zurfi iska takan ƙare, mutum ya sauka lafiya ya faɗi ba ko ihu, na biyu ya bi shi ceto shi ma ya tsaya can. Duk mai sauka a ɗaura masa igiya a ƙugu, mutane biyu na riƙe a sama, kuma kada a kuskura a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin ramin, hayaƙinsa kisa yake. Ramin masai da sokawe ma hukuncinsu ke nan. In waya ta faɗa, ta tafi.

Bayan yasa, a ɗaga bakin rijiyar ya fi ƙasa tsawo sosai, a yi mata daɓen siminti kewaye, a sa murfi mai kwaɗo. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A gidajen cikin gari wa ke da wannan filin? Shi ya sa ruwan irin wannan rijiya ya fi dacewa da wanki, in kuma dole a sha, a tafasa ko a sa maganin tsarkake ruwa. A 2021 Bauchi na cikin jihohin da amai da gudawa ya fi yi wa ɓarna a ƙasar nan, kuma ciwon da ruwan sama yake tafiya, lokacin da ambaliya ke haɗa ƙazanta da ruwan sha. Masai in ya kusa cika a kwashe shi yanzu. In daɓensa ya tsage a gyara kafin ƙasa ta jiƙa ta rufta da mutum.

Tankin sama da randa da duro duk a wanke, domin ƙurar wata huɗu ta kwanta a ƙasansu. Lokacin zafi ruwan famfo daga dam ɗin Gubi ba kowace unguwa yake isa kullum ba, kowa tara ruwa yake. To duk abin da aka tara ruwa a ciki a rufe shi. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya, bokiti rabi ya ishe shi halaka, kansa ya fi jikinsa nauyi.

Ɗakin ajiya

Wannan sashen mai ɗakina ce shugabarsa, ni ɗan ɗauko ne da ajiyewa. Tsarinta shi ne a fito da komai waje, buhu da tukunya da tarkace, kada a bar ko tsinke. Kafin a sa tsintsiya sai ta yayyafa ruwa mai ɗan bilic a ƙasa, ta ɗaura ƙyalle a hanci. Dalilinta mai ƙarfi ne: zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa, rani ne lokacinsa, kuma jiharmu kusan kowace shekara tana cikin na gaba-gaba a yawan masu kamuwa. Shara a bushe tana tayar da ƙurar kashin ɓeran zuwa hanci. Ramukan da aka gani a toshe da siminti, ba da tsumma ba. Hatsi a zuba a duro ko roba mai murfi, buhun da ya rage a ɗora kan katako nesa da bango. Abincin da ɓera ya taɓa a zubar, kada a ce za a yanke wajen. Mushen ɓera kuma ba a ɗauka da hannu, a sa leda a binne.

Tarin itace da bulo da tsohon kwano da ke bayan ɗaki, da sanda ake fara taɓa su. Zafi yana fito da kunama da maciji neman sanyi, gindin randa da bayan buhu su ne wurarensu. Masu kwana a tsakar gida, gado ko benci ya fi tabarma a ƙasa, a kuma kakkaɓe takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Kububuwa, wadda ta yi yawa a ƙasashen Gombe da kudancin jiharmu, dafinta hana jini daskarewa yake, tsaga da aska ƙara zubar jini kawai take yi. Asibitin da ya shahara da maganinta yana Kaltungo, amma a fara zuwa mafi kusa.

Barguna da rigunan sanyi a wanke, su bushe sarai, a ɗaure a leda. Gidan sauro a fito da shi a ɗinke inda ya yage. In za a wanke, da sabulu mai laushi, kuma a inuwa ake shanya shi, rana tana kashe maganin da ke jikinsa.

Wuta, gas da janareto

Fanka ta yi wata uku ba ta juya ba. A goge fikafikanta, a duba ƙugiyar da ta rataye ta, in tana ƙugi ba ta gudu a kira mai gyara, galibi ɗan ƙaramin abu ne za a canza. Soket ɗin da ya yi baƙi ko yake warin roba a cire shi. Wayar da aka haɗa aka naɗe da ledar burodi, wannan gobara ce ke jiran rana. Yanzu ne kowa zai jona firji da fanka da injin ruwa a kan waya ɗaya siririya, kuma katakon silin ya bushe ƙayau. In aka ɗauke wuta a kashe hita da dutsen guga kafin a fita, don gobara da yawa dawowar wuta ce ke tayar da su ba kowa a ɗakin.

Masu sola su wanke faranti da asuba kafin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. Su duba ƙusoshin da suka riƙe shi, don na ga faranti da aka aza a kan kwano aka ɗaure da wayar ɗaurin rodi kawai. Batir yana son wuri mai iska, ba ƙuryar ɗakin kwana ba.

Tukunyar gas a raba ta da rana. A kaɗa ruwan omo a shafa a kan mahaɗa da jikin tiyo, inda ya yi kumfa yana tashi, nan yake yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Tiyon da ya bushe ya fara tsagewa a canza shi. In an shiga kicin aka ji wari, kada a taɓa makunnin fitila, a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofa da taga. Jarkar fetur ma zafi yana kumbura ta, kada a cika ta fal, kada a ajiye ta kusa da murhu ko ɗakin da ake kwana. Janareto kuwa waje, nesa da taga. Abin da ke kisa a hayaƙinsa ba shi da wari, mutane barci suke yi su zarce. Na san tsoron ɓarayi ke sa a shigo da shi baranda, to a yi masa keji na ƙarfe a tsakar gida.

Iska a ɗaki

Tagogin da aka toshe da kwali da leda saboda sanyi, yau a buɗe su. A sa raga in babu. Wannan ba maganar jin daɗi ba ce kawai. Sanƙarau lokacinsa ke nan: busasshiyar iska da ƙura sun gama fasa cikin hanci da maƙogwaro, ga mutum takwas a ɗaki ɗaya a rufe, ƙwayar cutar kuma ta numfashi da tari take yawo. Manya suna tuna annobar 1996. Alamominsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono. Wannan ba ciwon a sayo magani a kemis a jira gobe ba ne, awoyi yake aiki. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar. In masu rigakafi suka shigo unguwa a fito da yara, a kuma duba katinsu ko an yi ta ƙyanda, ita ma bazara ce lokacinta.

Zafin Afrilu a nan yakan kai maki 40. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, sai an riƙa miƙa musu. Ni in na je gaida Goggo ba na tambayar ko ta sha ruwa, don amsar kullum "na sha" ce. Moɗa nake cikowa in zauna sai ta shanye. A ajiye 'yan ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a gida. In babu, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Motar da aka ajiye a ƙofar gida, ko matacciya ce, a kulle ta, yara suna shiga wasa ƙofa ta rufe da su. Awaki da kaji a yi musu rumfa, ruwansu a inuwa.

Takardun gida da na makaranta a sa su a leda biyu a ɗora saman durowa.

Saura 'yan haya. Kusan rabin rufin da nake gyarawa bayan ruwa ya ɓata kaya, gardama ce ta jinkirta shi: mai gida ya ce sai an biya kuɗin shekara, ɗan haya ya ce ba gidansa ba ne. In kai ne a ciki, katifarka ce za ta jiƙe. Ɗauki hoton wurin da waya ka kai wa mai gidan ko wakilinsa tun a Maris, ka ce, "Alhaji, ga halin da ake ciki, in ka yarda in gyara a cire a kuɗin haya." In ya amince, ku yi a gaban shaida ɗaya, kafinta ya rubuta abin da aka saya da ladan aikinsa, kowa ya riƙe kwafi.